Roland Banks na kasa tara alamu a The Midnight Masks

Salamu alaikum. Muna buga wasan kati na Arkham Horror: The Card Game mu biyu, a babin The Midnight Masks, ni ina wasa a matsayin Roland Banks, abokina kuma a matsayin Agnes Baker, a matakin wahala na Standard. Tunda Agnes ta riƙe faɗa ta hanyar katin sihirinta Shrivelling, neman alamu (clues) ya dawo kaina, kuma nan ne abin ya cije.

Basirar Roland, wadda da ita ake binciken alamu, 3 ce kawai. Ana buƙatar alamu 4 kafin mu biyu mu fito da ɗan ƙungiyar asiri guda, su kuma shida ne. Kullum dare na raba kafin mu kama rabinsu.

Katunana 30 sun haɗa da Machete, Magnifying Glass, Evidence!, Beat Cop da Dr. Milan Christopher, bibbiyu. Matsalar gurbi ce, wato wurin ajiye kati a wasa. Machete da Magnifying Glass sun cinye hannu biyu, don haka bindigar Roland, .38 Special, na zaune banza. Milan da Beat Cop kuwa gurbi ɗaya na mataimaki suke rububi, kowanne kuɗinsa 4, alhali da 5 ake farawa.

Da Milan da Magnifying Glass basira ta kai 5 wajen bincike, kuɗi na shigowa, amma faɗa ya yi rauni, baiwar Roland ta samun alama bayan kashe abokin gaba ba ta aiki sosai. Da Beat Cop kuma ina kisa, sai bincike ya gagara a Miskatonic University. Cover Up, katin raunin Roland, in ya fito, ya ƙara cinye alamu 3.

Ba mu da Charisma, katin da ke ƙara gurbin mataimaki. Wanne ya kamata in cire gaba ɗaya, Milan ko Beat Cop? Na gode.