Gwaji ɗaya, sakamako biyu: wa ya taɓa gamuwa da haka?

Mai tambaya: Salamu alaikum. An yi wa mahaifiyata, mai shekara 74, gwajin ƙwaƙwalwa na MoCA, ta ci 21 cikin 30. Hankalina ya tashi, don an ce daga 26 ne ake ɗaukar mutum lafiya lau. Bayan mako shida aka sake, ta ci 25, alhali ko ƙwayar magani ba a ƙara mata ba. Da wanne zan yi aiki?

Amsa ta farko: 'Yar'uwa, ki tuna halin da take ciki ranar farko. Babana ya bar na'urar jinsa a gida ranar nasa gwajin. Kalmomi biyar ɗin da ake karanta wa mutum ya riƙe, biyu kawai suka shiga kunnensa. Abin da bai ji ba ta yaya zai tuna? Har yau abin na damuna, don ya kwana yana ganin hankalinsa ne ya fara gushewa.

Amsa ta biyu: Ni ma'aikaciyar jinya ce, na sha yin gwajin nan. Sabo ma yana ɗaga maki. Wanda ya taɓa zana agogo a kan sha ɗaya da minti goma, ya taɓa ɗebe bakwai-bakwai daga 100, kamar yadda ake sa mutum ya yi a gwajin, karo na biyu ba baƙon abin ba ne, fargaba ma ta ragu. Akwai wata baiwar Allah da na tarar tana bitar kalmomin wancan karon tun kafin a kira ta. Shi ya sa MoCA ke da wasu takardun masu kalmomi daban. Bambancin maki ɗaya ko biyu ba ma yanke hukunci a kansa, amma huɗu ya cancanci a bincika dalili.

Amsa ta uku: Namu akasin haka ne. Da MMSE aka gwada kakarmu, wani tsohon gwajin ƙwaƙwalwa na 1975. Daga 24 ta faɗo 17 cikin wata biyu, ashe ciwon mafitsara ne ya rikita ta. Da ta warke ta koma 23.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Yanzu na tuna, daren gwajin farko ba ta runtsa ba saboda ciwon gwiwa, kuma sai yamma aka gan mu. Na biyun da safe ne. Ranar komawa zan tambayi likita ko takarda ɗaya aka ba ta duka biyun.