Ƙidayar masu shiga shafina ta ƙi daidaituwa, wacce zan gaskata?

Mai kilishin Wadata: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shafi a intanet inda nake sa hotunan kilishi da farashinsu, daga nan Yamai. Ƙidaya biyu nake dubawa: AWStats da ke wajen masu ajiye mini shafin, da Google Analytics da ƙanena ya saka mini. Jiya ta farkon ta ce wajen mutum 900 sun shigo, ta biyun ta ce 140. Cikin ƙasashen da suka fi shigowa har da Amurka da Singafo, alhali kilishina bai taɓa wuce Dosso ba. Ni dai so nake in san ko kuɗin tallan da nake zubawa a Facebook yana kawo mutane.

Injiniya daga Tahoua: Wa alaikumus salam, ƙanena. Babu wadda ta yi maka ƙarya, abin da suke ƙirgawa ne ya bambanta. AWStats rajistar sabar, wato kwamfutar da ke ajiye shafinka, take karantawa, duk abin da ya nemi shafinka an rubuta shi. Tana ware sanannun injunan bincike masu zagaya shafuka da kansu, irin su Googlebot da Bingbot, amma waɗanda suka ɓad da kama suka zo da sunan Chrome sai su wuce a matsayin mutane. Amurkawan nan naka, binciki garinsu. In ka ga Ashburn ta jihar Virginia, to manyan ɗakunan ajiyar kwamfutoci ne a can, ba masu cin kilishi ba.

Ita kuwa Analytics ba ta ƙirga mutum sai wayarsa ta loda wani ɗan rubutun umarni na JavaScript da aka saka a shafin. In reso ya yi nauyi mutum ya gaji ya fita, ko yana da manhajar toshe talla, an rasa shi ke nan. Masu shigo maka na gaskiya sun ɗan haura 140, amma ba su kai kusa da 900 ba.

Ɗalibar Jami'ar Abdou Moumouni: Malam, ƙara da wannan. AWStats da lambar IP, wato adireshin na'ura a intanet, take bambance mutane, mu kuma nan kusan kowa da waya yake shiga. Kamfanin waya kan haɗa mutane da yawa a lamba ɗaya, kuma wanda ya kashe data ya kunna yana iya dawowa da sabuwa. Analytics ma in mutum ya buɗe ta cikin Facebook, daga baya ya buɗe ta Chrome, mutum biyu za ta ɗauke shi.

Hajiya mai turaren wuta: Ɗana, bar wahalar da kanka. Duk wanda ya kira ka, tambaye shi inda ya gan ka, ka rubuta a littafi. Ni haka nake yi.

Injiniya daga Tahoua: Hajiya, littafinki na da amfani, sai dai ba zai nuna masa waɗanda suka shigo suka ga farashi suka juya ba. Ƙanena, riƙe Analytics kaɗai. A ƙarshen adireshin da kake sawa a tallan ka ƙara ?utm_source=facebook, za ta ware maka waɗanda suka biyo ta tallan daban. Kada ka yanke hukunci da ƙidayar jiya, takan ɗauki har awa 48 kafin ta kammala. Gwada mako da mako. Ka kuma tambayi ƙanenka wane agogo ya saita mata, don da shi take raba kwanaki.

Mai kilishin Wadata: Allah ya saka da alheri. Na kira shi, ya duba, agogon na Los Angeles ne. Ya mayar na Yamai. To shigar da ni kaina nake yi ina duba hotuna fa, ita ma ana ƙirga ta?

Injiniya daga Tahoua: Ana ƙirgawa mana. Tunda lambar IP ta wayarka canzawa take, tacewa da IP ba za ta yi maka aiki ba. Ka ware burauza ɗaya mai toshe Analytics, da ita kaɗai za ka riƙa shiga.