Me ya sa masu ra'ayin mazan jiya suka rungumi Sarah Palin a 2008?

Ɗalibi: Assalamu alaikum. Malamaina, ina neman ƙarin haske a kan zaɓen Amurka na 2008. Yaya aka yi masu ra'ayin mazan jiya, waɗanda ake ganin sun fi son mace ta kula da gida, suka yi ta ɗoki lokacin da John McCain, ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar Republican, ya ɗauki gwamnar Alaska, Sarah Palin, ta yi masa takarar mataimakiyar shugaban ƙasa?

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Ai ba jinsinta suka duba ba, aƙidarta ce ta ja su. Da ma Kiristoci 'yan bishara ba su sakankance da McCain ba, sai ga mace mai 'ya'ya biyar, mai adawa da zubar da ciki, wadda a watan Afrilun shekarar ta haifi ɗa alhali ta san yana ɗauke da lalurar galahanga ta Down syndrome. Wannan ya fi kowane jawabi tasiri a wurinsu.

Bakatsiniya: Malam, gaskiyarka, amma akwai lissafin siyasa kuma. Jam'iyyar Republican ta yi kwaɗayin matan da suka ji haushin kayen da Obama ya yi wa Hillary Clinton a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Democrat. A ganina dabarar ba ta ci ba, domin bayan hirar Palin da 'yar jarida Katie Couric a watan Satumba da yawa sun fara shakkar ƙwarewarta.

Bazazzagi: Haka ne, Hajiya, sai dai rushewar bankin Lehman Brothers a ranar 15 ga Satumba, wadda ta girgiza tattalin arzikin Amurka, ta fi hirar yi wa McCain illa.