Neman shawara: furosesan da aka yi mini tayi zai hau tsohon madabod ɗina?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan kwamfuta a cikinmu, don ba na so in zuba kuɗi a kan abin da zai ƙi tashi.

Aikina haɗa bidiyo ne, yanka da gyaran sauti da ɗora rubutu. Tun da na koma ɗaukar 4K kwamfutata ta tebur ta fara gaza mini, hoto ya riƙa ƙamewa, fitar da aiki kuma sai an yi zaman jira. Ga abin da ke cikinta: furosesa Core i5-7400, madabod mai cifset H110, RAM DDR4 sanda ɗaya ta 8GB, had dis mai juyawa na 1TB, sai fawa safulai da aka rubuta 400W a jikinsa, wanda ya zo tare da kes ɗin. Babu katin hoto, da na cikin furosesa nake aiki.

Wani abokin sana'a zai sayar mini da Core i7-8700. Na duba na ga soket ɗinsa LGA1151 ne, irin nawa sak. Niyyata in cire tsohon in ɗora wannan, in ƙara RAM 16GB kusa da ta da, sannan in sayi katin hoto RTX 3060. Shin haka zai yiwu? Kuma Windows 11 ta ce kwamfutar ba ta cancanta ba, shin sabon furosesan zai warware wannan? Allah ya saka da alheri.

Wani mai gyaran kwamfuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, dakata tukuna, kada ka biya. Wannan i7-8700 ba zai yi aiki a kan H110 ba.

Na san abin da ya ja hankalinka, kuma mutane da yawa nan suke tuntuɓe. Intel ta yi amfani da sunan LGA1151 sau biyu. Na farko shi ne na furososhin ƙarni na 6 da na 7, irin i5-7400 ɗinka, wanda ke tafiya da cifset na jerin 100 da 200, wato irin su H110, B150, B250 da Z270. Da ƙarni na 8, wato na su i7-8700, ya fito a 2017, an bar sunan soket da adadin filfil ɗin yadda suke, amma an sauya aikin wasu daga cikinsu don kai ƙarin wuta ga furosesa mai ƙwayoyi shida. Saboda haka ƙarni na 8 da na 9 sai a kan jerin 300: H310, B360, B365, H370, Z370 ko Z390. Furosesan zai zauna daram a ramin naka, murfin zai rufe lafiya, ka danna maɓalli sikirin ya tsaya baƙi ƙirin.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, sunan soket ba ya yanke hukunci. Buɗe gefen kes ɗinka, ka karanta cikakken sunan madabod ɗin, yawanci yana rubuce da manyan baƙaƙe tsakanin furosesa da dogon ramin katin hoto. Ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera shi, ka nemi jerin furososhin da yake karɓa. Kowane furosesa za ka ga an rubuta lambar BIOS, wato ƙaramar manhajar cikin madabod mai tayar da kwamfuta, da yake buƙata a gefensa. Abin da babu shi a wannan jerin, ka ɗauka ba zai tashi ba. A kan H110 ƙarshen hawa shi ne i7-7700 ko 7700K, kuma ko su ba sa cikin jerin da Microsoft ta amince wa Windows 11, wanda ga yawancin furososhin Intel daga ƙarni na 8 yake farawa, tare da sashen tsaro da ake kira TPM 2.0. Tunda an daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ban ga amfanin ƙara kashe wa wannan allon, wato madabod ɗinka, kuɗi ba. Madabod ɗin ne zai fita.

Hanyoyi uku nake gani da za su bar ka a kan DDR4. Ko ka karɓi i7-8700 ɗin ka nemo B365 ko B360, fankarka ta da ma za ta hau. Ko ka tafi Core i5-12400 da B660 ko B760, wanda ya fi 8700 ɗin sauri duk da sunansa i5. Ko ka koma AMD, Ryzen 5 5600 a kan B550. Da ni ne, ta biyun zan bi. Sai dai ka lura, allunan LGA1700, wato soket ɗin i5-12400, iri biyu ne, akwai masu DDR4 akwai masu DDR5, kuma kusan ba za ka samu wanda ke cin duka biyun ba. Ka nemi wanda aka rubuta DDR4 ko D4 a sunansa.

Wani ɗan ƙungiya:

Amma Malam, na ga wasu suna gyara BIOS ɗin H110, su rufe wasu filfil da tef, ƙarni na 8 ya tashi. Ba zai gwada ba?

Mai gyaran kwamfuta:

Ana yi, ban musa ba. Amma wannan wasan masu gwaje-gwaje ne da ke da allo na biyu a ajiye. Bawan Allah nan da kwamfutar yake cin abinci. Ɓangaren wutar H110 mai sauƙi ba a yi shi don ƙwayoyi shida da za su yi awa guda suna fitar da bidiyo ba, kuma in BIOS ɗin ya lalace a hanya, sai da na'urar rubuta cif ake farfaɗo da shi. Ba zan ba shi wannan shawarar ba.

Wata mai haɗa bidiyo:

Sannu Yaya, sana'armu ɗaya, bari in yi magana ta ɓangaren aiki.

Kowa idonsa na kan furosesa da katin hoto, ni kuma abin da ya fara tsone mini ido a jerinka shi ne had dis mai juyawa. Da shi kake kunna Windows, da shi kake karanta faifan 4K, a kansa kuma manhajar ke ajiye tarkacenta na wucin gadi. Allurar da ke cikinsa tana ta kai da komo tsakanin wurare uku. Had dis irin wannan yana karanta kamar MB 100 zuwa 200 a daƙiƙa, SSD, wato faifai marar juyawa, na SATA yana kai kusan 550, na NVMe kuwa ko na PCIe 3.0 yana haura 3000. Duk allon da za ka saya, ka tabbata yana da ramin M.2 mai karɓar NVMe, ka sa Windows da aikin da kake kai a can, tsohon had dis ɗin ya zama ma'ajiyar ayyukan da aka gama. Ka karanta littafin allon, don a wasu in ka cika wani ramin M.2, ƙofar SATA ɗaya ko biyu na mutuwa. Mutum sai ya ga had dis ɗinsa ya ɓace ya zaci ya ƙone, alhali kebul kawai zai mayar wata ƙofar.

Batun RAM kuma, don Allah kada ka haɗa 8 da 16 da ka tsinto daban-daban. Sau da yawa suna aiki, amma duka za su sauko gudun wadda ta fi rauni, kuma taka ta zamanin H110 da wuya ta wuce 2400. Ka sayi biyu 'yan kwali ɗaya, 16GB sau biyu masu gudun 3200. Ga 4K, 32GB ne wurin da mutum ke samun natsuwa. In allon mai ramuka huɗu ne, galibi na biyu da na huɗu daga furosesa ake fara cikawa, waɗanda aka rubuta A2 da B2. Bayan ka kunna, ka shiga BIOS ka buɗe XMP, saitin da ke ba RAM cikakken gudunta, in ba haka ba za ta zauna a ƙaramin gudu ba tare da ta faɗa maka ba.

In ka bi i5-12400, kada ka ɗauki mai F a ƙarshe. Mai F ba shi da sashen hoto a ciki, kuma a wannan sashen ne Quick Sync yake, wanda ke sauƙaƙa karanta H.264 da HEVC, irin abin da kyamarori da wayoyi ke fitarwa. Ryzen 5 5600 shi ma ba shi da hoton ciki, ba zai nuna komai ba sai da kati. Kafin duk wannan ya samu, ka riƙa yin ƙananan kwafi na faifanka kana yanka da su, manhajar ta koma na asali lokacin fitarwa. Zai rage maka ƙamewar tun yau.

Wani ɗan ƙungiya:

Ni dai ban yarda a sayi DDR4 yanzu ba. Tunda allo zai canza, ya wuce soket ɗin AMD na AM5 kai tsaye, Ryzen 5 7600 da B650. AMD ta fito da AM5 a 2022 kuma ta ce za ta ci gaba da shi har 2027 ko fiye. LGA1700 ya tsaya a ƙarni na 14, AM4 kuma, soket ɗin Ryzen 5 5600, tun 2016 yake. Gobe in yana son ƙari furosesa kawai zai canza.

Mai gyaran kwamfuta:

Maganarka tana kan hanya, ranka ya daɗe, kuma tunda Malama ta nuna masa sabuwar RAM zai saya ko ta yaya, hujjata ta tsayawa kan DDR4 ta ragu. AM5 DDR5 kaɗai yake ci, kuma 7600 yana da ɗan sashen hoto da zai nuna sikirin ko babu kati. Abin da zai raba gardama shi ne aljihu. In tafiya AM5 za ta sa ya rage RAM zuwa 16GB ko ya haƙura da fawa safulai mai kyau, gara ya tsaya kan DDR4 ya cika sauran. In kuɗin sun isa duka, ya bi taka.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na fasa karɓar 8700 ɗin. To fawa safulai ɗin fa, 400W ba zai ɗauki RTX 3060 ba? Na ga an ce katin 170W kawai yake ci.

Wani mai haɗa kwamfutoci:

Gaskiya ne 170W yake ci, amma Nvidia da kanta 550W ta ba da shawara ga kwamfutar gaba ɗaya. Kuma lambar da ke gaban akwati ba ita ce abin dubawa ba. Juya shi ka karanta takardar da ke gefe, ka nemo layin +12V, don daga nan furosesa da kati suke sha. Ka ninka amfiya ɗin da 12. In an rubuta 20A, to 240W ke nan na gaske, ko da an buga 400 da manyan lambobi. Irin waɗanda ke zuwa kyauta da kes sau da yawa haka suke, kuma yawanci ba su da kebul mai fil 8 da katin ke nema. Ramin PCIe da ake soka katin a madabod 75W kaɗai yake bayarwa, sauran ta wannan kebul ɗin yake shiga. Kada a ba ka ɗan jona mai ɗebo wuta daga kebul ɗin SATA a ce ya wadatar, wayoyin suna zafi har su narke.

Wannan shi ne ɓangaren da in ya mutu yake iya tafiya da allo da kati da faifanka gaba ɗaya, don haka ba a nan ake tsimi ba. Ka nemi 550W ko 650W na kamfanin da aka sani, mai garanti na shekaru. Tambarin 80 Plus yana nuna yawan wutar da ba ta salwanta ne, ba shi kaɗai ke nuna inganci ba.

Abu biyu wajen haɗawa. Fil 8 na furosesa da fil 8 na katin hoto suna kama da juna amma jerin wayoyinsu daban ne. Na furosesa yakan rabu 4 da 4, na kati 6 da 2, kuma an rubuta CPU ko PCIe a kansu. In ya ƙi shiga, kada ka danna da ƙarfi. Sannan in ka sayi irin wanda ake cire kebul ɗinsa, da nasa kaɗai za ka yi amfani. Kebul ɗin wani akwatin zai iya shiga ramin amma ya kai wuta inda bai kamata ba.

Katin kuma iri biyu ne, mai 12GB da mai 8GB da ya fito daga baya, wanda ya fi rauni. Na 12 ɗin nake so maka.

Wani ɗan ƙungiya:

Ba wanda ya taɓo kes. Ɗauko ma'auni ka auna daga bayan kes zuwa inda kejin had dis ya fara, ka gwada da tsawon katin da za ka saya, don RTX 3060 mai fanka biyu da mai uku ba tsawonsu ɗaya ba. Allunan H110 yawancinsu ƙanana ne, to mai yiwuwa kes ɗinka micro-ATX ne, mai ɗaukar allo har milimita 244 kowane gefe. Cikakken ATX tsawonsa 305 ne, ba zai shiga ba. Ka kuma duba 'yan ƙafafun ƙarfen da allo ke zama a kansu. Duk wanda bai yi daidai da ramin sukuru na sabon allon ba ka kwance shi, kada ya taɓa bayan allon ya haɗa wuta.

Mai gyaran kwamfuta:

Ƙari kaɗan. Fankarka ta LGA1151 ba za ta hau LGA1700 ba sai da wani ƙarfen ɗauri na daban, amma i5-12400 na kwali yana zuwa da tasa. In ka sayi wata, ka ɓare ledar da ke ƙasanta kafin ka ɗora. Ka haɗa asusunka na Microsoft da Windows tun yanzu, don canza madabod na iya sa ta sake neman lasisi. Ka kwashe ayyukanka zuwa wani faifan kafin ka taɓa sukuru ko ɗaya. In ka gama, kebul ɗin sikirin a bayan katin hoto za ka soka, ba a bayan madabod ba.

Turo mana cikakken sunan allon da ka zaɓa, da na RAM ɗin, da hoton takardar gefen fawa safulai kafin ka biya, mu duba maka su da jerin kamfanin.