Me za mu kira na'urar FES da Hausa?

Likitar gashin ƙashi (fisiyo), Gyaɗi-Gyaɗi: Assalamu alaikum. Malamai, muna neman sunan Hausa ga FES, na'urar da ke motsa tsoka da lantarki. Bayan shanyewar ɓarin jiki, sawun wasu yakan langaɓe, yatsu su riƙa jan ƙasa, mutum ya yi ta tuntuɓe ko ya riƙa wurga ƙafar gefe. FES maɗauri ce da ake sawa ƙasa da gwiwa. A cikinta akwai manne biyu masu kai lantarki ga fata: ɗaya a kan ƙullutun ƙashin da ke gefen gwiwa ta waje, inda jijiyar ɗaga sawu ta ratsa, ɗaya a kan tsokar gaban ƙwauri. Maɓalli yana ƙarƙashin dunduniya. Da dunduniya ta bar ƙasa, na'urar ta aika lantarki kaɗan, kamar bugu 40 a sakan ɗaya, sawu ya tashi. Da dunduniyar ta sauka, lantarkin ya tsaya. Tun 1961 wani likita mai suna Liberson ya gwada dabarar a Amurka. Yanzu akwai irin su WalkAide da ke gane karkatar ƙwauri ba tare da maɓalli ba. Majinyata "abin shokin" suke ce mata, sunan kuwa yana korar su.

Ɗalibin fisiyo: Wa alaikumus salam. Takalmin lantarki fa, Hajiya?

Mai ƙera kayan tallafin ƙafa, Dala: A'a ƙanena, takalmi ya riga ya yi mai shi. Ka ce takalmi, hankalin mutanenmu takalmin ƙarfe na masu shan inna zai tafi, kuma nan haɗarin yake. FES ba ta aiki sai jijiyar ƙafa tana raye, matsalar tana ƙwaƙwalwa ko laka. Inda shan inna ta kashe jijiya, ko allura ta lalata ta a ɗuwawu, ko an ƙure ƙarfin lantarkin sawu ba zai motsa ba. Kada suna ya sa iyaye su sayar da kadara a banza. Sannan a raba ta da AFO, robar nan mai siffar L da muke gasawa mu lanƙwasa a kan zubin filasta na ƙafar mutum. Ita riƙe sawu take yi a tsaye cik, ba ta sa tsoka aiki.

Malamin Hausa, BUK: To ku raɗa musu suna daga aikinsu, irin ginin share-fage da kama-kunne. Ɗaga-ƙafa ce ta fara zo mini, amma ɗaga ƙafa a bakin Bakano sassauci ne ga wanda ake bi bashi. Sai mu ce ɗaga-sawu. Robar kuma riƙe-sawu.

Likitar gashi: Malam, Allah ya ƙara ilimi, ɗaga-sawu ta zauna, har ta faɗi ma'aunin aikin. Sawu ya tashi ya ɗan karkata waje. In ya murɗe ciki, mannen sama ya goce, a matsar da shi kaɗan-kaɗan har ya daidaita, a yi wa gurbin alama da maka. Abin da ya fi ɓata ta a Kano fata ce. Da hunturu ana laɓta basilin a ƙwauri, manne ya ƙi kamawa, lantarki ya taru wuri guda ya yi zafi. Da bazara gumi ne ke zamar da shi. A wanke wurin da sabulu, a bar shi ba mai. Mai maɓallin dunduniya kuma sai da takalmi sau-ciki, silifas ba ya riƙe shi, ga cirewa lokacin alwala.

Mai ƙera kayan tallafin ƙafa: A ƙara cewa ba a ɗaura wa mai na'urar bugun zuciya a ƙirji, ko mai farfaɗiyar da magani bai riƙe ba, ko a kan miki. In idon sawu ya riga ya sandare, ba ya lanƙwasuwa ko da hannu, miƙa agara za a fara yi.

Ɗalibin fisiyo: Na karɓa. Jam'insu fa, Malam?

Malamin Hausa: Bar su yadda suke: ɗaga-sawu biyu, riƙe-sawu uku.