Neman taimako: galaksi masu dishi-dishi sun ɓace mini a tsakiyar gungun Koma

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa masu nazarin sararin samaniya.

Ina ƙirga galaksi masu faɗi amma dishi-dishin haske a gungun Koma (wani babban taron galaksi), irin guda 47 da na'urar hangen nesa ta Dragonfly ta gano a 2015, daga baya na'urar Subaru ta kai adadin fiye da 800. Da manhajar SExtractor, mai tsinto taurari da galaksi a cikin hoto, nake zaƙulo su. A gefen gungun suna fitowa sosai, amma da na matso cibiya, kusa da manyan galaksi biyu, NGC 4874 da NGC 4889, sai su yi ƙaranci ƙwarai.

Nan na cije. Shin ƙarfin jan gungun ne ya wargaza su, ko kuwa hasken manyan nan biyu da wanda ya bazu tsakanin galaksin ne ke rufe su? Na cire hasken da ya bazu a bayan hoton, sai ya tafi da rabin hasken abin da nake nema.

Wanda ya taɓa dasa galaksin bogi cikin hoto don gwada nawa manhaja ke kamawa, don Allah yaya ya zaɓi girmansu da haskensu? Kuma ba tare da auna nisa ba, ta yaya zan ware na bayan gungun? Allah ya saka da alheri.