Dan Allah a warware min yaren masu sharhin Formula 1

sabon_kallo

Assalamu alaikum jama'a. Wata biyu kenan da na fara kallon tseren motocin nan masu tayoyi a waje da kujera ɗaya tal, Formula 1, kuma gaskiya abin ya shiga raina har ina bin tsofaffin bidiyoyi da daddare, amma rabin abin da masu sharhi ke faɗa wuce ni yake yi. Sai in ji fol, andakot, DRS, boks boks, wani lokacin wai iska mai datti. Abin da ya fi ɗaure min kai wani tsere ne da na kalla, wanda yake biye ya shiga canjin taya tun kafin na gabansa, na ce shikenan ya zubar da damarsa, sai ga shi bayan zagaye biyu shi ne a gaba kuma wallahi ban ga inda ya sha gabansa a kan titi ba. Ta yaya haka ke faruwa? Masu sani a taimaka.

dattijon_tsere

Wa alaikumussalam ƙanena, barka da shigowa. Wannan da ka gani shi ne andakot ɗin da kake tambaya, kuma in ka gane shi ka gane rabin wasan. Tayar motocin nan ba irin tamu ba ce da za ta shekara a ƙafar mota, roba ce mai laushi sumul babu zane, tana kama kwalta kaman danƙo amma tana ƙarewa da wuri, bayan zagaye sha biyar ko ashirin direba zai fara jin motar tana zame masa a kwana. Toh ka ɗauka kana bayan wani da daƙiƙa ɗaya da rabi ka kasa wuce shi, sai injiniyanka ya kira ka a rediyo ya ce boks boks, ma'ana shigo gareji a zagayen nan, a sa maka sabuwar taya ka fito ka zuba wuta, shi kuma na gaban yana can yana lallaɓa tsohuwar tayarsa. A wannan zagaye ɗayan kana iya cinye masa daƙiƙa biyu ko fiye, shi ma dole zai shigo, yana fitowa daga layin gareji sai ya hango bayanka. A agogo aka wuce shi, shi ya sa ba ka gani a titi ba.

Nemi tseren Singafo na 2019 ka kalla. Leclerc ne a gaba, Vettel na uku, dukkansu 'yan Ferrari, aka shigo da Vettel zagaye ɗaya kafin Leclerc, Leclerc na fitowa ya tarar abokin aikinsa ya sha gabansa, haka aka ƙare kuma ransa ya ɓaci ƙwarai a rediyo. Akwai kishiyarsa obakot, wato ka daɗe a waje bayan abokin hamayya ya shiga, wannan yana aiki ne inda sabuwar taya ke jinkirin ɗaukar zafi ko in wanda ya riga shiga ya faɗa cunkoso.

In ka ce me zai hana mutum ya ƙi tsayawa kwata-kwata, doka ce ta hana. In babu ruwan sama dole ka yi amfani da kalar taya biyu a tsere ɗaya. Kamfanin Pirelli ke kawo su tun 2011, ka duba zoben da ke gefen tayar, ja ita ce mai laushi, sauri amma ba ta jimawa, rawaya matsakaiciya, fara mai tauri. Kore ta yayyafi ce, shuɗiya ta ruwa kamar da bakin ƙwarya, waɗannan biyun su ne masu zane. Man fetur kuwa tun 2010 aka daina ƙarawa a tsakiyar tsere, shi ya sa tsayuwar take kamar ƙiftawar ido, mutum wajen ashirin a kan mota ɗaya, kowace taya mutum uku, ɗaya ya kwance noti, ɗaya ya zare, ɗaya ya ɗora sabuwa. McLaren sun canza wa direbansu Norris taya a daƙiƙa 1.80 a Katar a 2023. Amma asarar gaskiya ba a nan take ba, a layin garejin take, don ba a wuce kilomita 80 a awa a cikinsa, shiga da fita gaba ɗaya yakan ci daƙiƙa ashirin da wani abu.

mai_sifana

Yaya dattijo ya gama da taya, bari ni in taɓa iska, don dalilin da ya sa ma ake wahalar andakot ɗin kenan. Ɗan uwa ka taɓa miƙa hannu ta tagar mota ana gudu? In ka karkata tafin sama iska ta ɗaga shi, in ka karkata ƙasa ta danne shi. Fukafukan da ke gaba da bayan motar aikinsu kenan, fiffiken jirgi ne aka kife, maimakon ya ɗaga sai ya danna motar a kwalta, shi ne daunfos, kuma shi ke sa su shiga kwana da gudun da motar gida ba za ta taɓa iyawa ba. Matsalar ita ce fiffike yana son iska mai tafiya salin alin, ita kuma motar da ke gabanka ta riga ta dagula ta, sai ka shiga kwana ka ji gaban motarka ya ƙi kamawa, tayarka ta yi zafi ta lalace da wuri. Iska mai datti kenan, ba wai ƙura ko hayaƙi ba.

Abin mamakin, a miƙaƙƙiyar hanya wannan bin bayan alheri ne, na gaba yana tsaga maka iska kai kana cikin inuwarsa kana ƙara gudu kyauta. DRS kuma ƙari ne a kan haka, an yi amfani da shi daga 2011 zuwa 2025, in kana ƙasa da daƙiƙa ɗaya a bayan wani a wurin da ake aunawa, sai ka danna maɓalli a sitiyari wani faifai a fiffiken baya ya buɗe, iska ta wuce, gudu ya ƙaru, kana taka birki ya rufe. Ni dai ban taɓa sonsa sosai ba, wani wucewar ya yi araha da yawa, na gaba ba shi da abin kare kansa. A dokokin 2026 an ajiye shi, fukafukan gaba da baya ne ke motsi ga kowa, mai bi kuma ƙarin ƙarfin batir ake ba shi.

Ka kuma saurari andastiya da obastiya. Na farko ka murza sitiyari gaban mota ya ƙi bi ya miƙe, na biyu bayan ne ke neman riga gaban shiga kwanar. In kuma ka ga farin hayaƙi daga taya ɗaya wajen birki, ta ƙame ne tana gogar kwalta, wurin zai sude ya yi fili, daga nan motar ta dinga karkarwa har sai an canza.

sabon_kallo

Kai Allah ya saka da alheri, yanzu na fara ganin haske. Saura fol ɗin nan, da kuma me ya sa da motar nan mai fitila a kai ta fito sai kowa ya ruga gareji lokaci ɗaya?

yar_tuta

Fol shi ne gurbi na farko a layin tashi. Ranar Asabar ake nemansa, kowa ya fita ya yi zagaye mafi sauri, kashi uku ne, ana zubar da na baya-baya a na farko da na biyu, goma su rage su fafata a na ƙarshe. A Monako inda titi yake kamar lungu, wanda ya samu fol ya kusa cin tseren tun kafin Lahadi. In kana kallon allo a lokacin, shunayya na nufin babu wanda ya kai shi sauri a wannan yankin, kore ya doke lokacin kansa, rawaya bai kai ba.

Motar mai fitila ita ce sefti ka, tana fitowa in an yi hatsari ko tarkace ya zube, kowa ya jeru a bayanta babu wuce juna. Tunda duk ana tafiya a hankali, wanda ya shiga canjin taya a lokacin kusan rabin asarar da ya saba kawai zai yi, shi ya sa kake ganin rububin. Wanda kuma ya sha wahala ya tara tazarar daƙiƙa goma sha biyar, nan take ta narke.

Amma ɗan uwa dan Allah kar ka ɗauki waɗannan a matsayin dabarar cin tsere kaɗai, rai ake karewa da su. Tuta rawaya rage gudu, in biyu ake kaɗawa ka shirya tsayawa don ƙila akwai ma'aikata a bakin titi, ja an dakatar da tsere, shuɗiya ka ba wanda ya zagayo ka hanya. A Suzuka ta Japan a 2014 ana ruwa Jules Bianchi ya zame ya daki motar da ke janye wata motar, ya rasu a 2015, bayan wannan ne aka kawo VSC, inda babu motar da za ta fito amma kowa dole ya rage gudu zuwa wani ƙayyadadden lokaci. Ƙarfen nan mai ƙafa uku da ke saman kan direba kuma shi ne helo, 2018 aka wajabta shi, mutane suka yi ta cewa ya munana mota. Na kalli tseren Baharen na 2020 kai tsaye, motar Grosjean ta huda shingen ƙarfe ta rabe biyu ta kama da wuta, na rufe baki da hannu na kasa ko motsi, sai ga shi ya fito daga cikin wutar da ƙafarsa, hannayensa ne suka ƙone. Tun ranar ban sake jin haushin ƙarfen nan ba.

dan_oval

A ƙara da cewa ba F1 kaɗai ce mai taya a waje ba, akwai F2 da F3 inda matasa ke tasowa, akwai Formula E ta lantarki, ga IndyCar ta Amurka wadda ni na fi so. Can kowa gangar mota iri ɗaya yake ja, ta kamfanin Dallara, ana ƙara mai a tsakiyar tsere, kuma a guje ake tashi ba a tsaye ana jiran jajayen fitilu biyar su mutu kamar a F1 ba. Babban tserensu Indy 500 mota 33 ce, zagaye 200 a fili mai mil biyu da rabi, duk kwanonin hagu ne, in kana son ganin yadda ake cin moriyar inuwar iska toh can za ka je.

dattijon_tsere

Na manta abu ɗaya ƙanena. Wajen ƙarshen tsere ka duba gefen titi za ka ga baƙaƙen dunƙule birjik, ɓarɓashin roba ne da ya fita daga tayoyi, mabul suke ce musu, wanda ya hau su ana tsere sai ya ji kamar a kan tsakuwa yake. Amma ana kaɗa tuta mai ɗigon baƙi da fari ta ƙarshen tsere za ka ga direbobi suna bi ta kan dunƙulen da gangan, don tayar mai zafi ta kwashe su nauyi ya ƙaru, saboda awo ake kai motar. A Beljiyam a 2024 Russell ya zo na ɗaya da tsayuwa ɗaya kacal, aka ɗora motarsa a sikeli ta gaza nauyin da doka ta sa da kilo ɗaya da rabi, aka soke shi aka ba Hamilton.